Gama: Ɗan kokawar Indiya da bayansa bai taɓa taɓa ƙasa ba

A watan Oktoban 2015 wani ɗan damben Indiya mai suna Vijender Singh ya shiga fage a birnin Manchesta domin dambensa na farko na neman kuɗi. Kafin nan ya shekara da shekaru yana damben 'yan dagaji, shi ne ma ya fara ciyo wa Indiya lambar yabo a damben Olamfik, wato tagullar da ya samu a Beijing a 2008. Jaridun ƙasarsa sun yi ta kururuta tafiyar tasa Ingila kamar ba a taɓa yi ba. Alhali kuwa shekara 105 kafin shi, wani gajeren mutum ɗan Punjab ya riga ya bi wannan hanyar. Ya bar fadojin sarakunan da ke ciyar da shi, ya shiga jirgin ruwa zuwa Landan domin ya gwada ƙashinsa da Turawan da suka mai da faɗa sana'a. Shi ba naushi yake yi ba, kokawa ce tasa. Sunansa na yanka Ghulam Muhammad Baksh, amma da Gama aka san shi, kuma ya yi wajen shekara 50 a fage ba a taɓa kayar da shi ba.

An haifi Gama ranar 22 ga Mayu 1878 a yankin Amritsar na lardin Punjab, zamanin da Indiya ke hannun Turawan Ingila. Gidansu Musulmi ne 'yan asalin Kashmir, kuma kokawa gado ce a gidan. Mahaifinsa, Muhammad Aziz Baksh, ɗan kokawar fada ne a masarautar Datia, wajen Sarki Bhawani Singh. A wancan lokaci sarakunan Indiya kan ajiye 'yan kokawa kamar yadda ake ajiye dawaki da makaɗa. Sarki ne zai ba su masauki da abinci da albashi, su kuma aikinsu su ɗaga sunan masarauta duk ranar da aka haɗu da mutanen wata fadar. Mahaifin ya rasu Gama yana ɗan shekara 6. Kakansa na wajen uwa ne ya ɗauke shi, bayan shi ma ya rasu sai kawunsa Ida ya ci gaba da riƙonsa, shi ne kuma ya ɗora shi a kan sana'ar gidan.

Irin kokawar da suke yi kushti ake ce mata, ɗan kokawar kuma pahalwan. Ba a kan katifa ake yi ba. Rami ne mai faɗi da ake cikawa da ƙasa mai laushi, a kwaɓa ta da mai da tsala, a riƙa kaftarta kullum da safe. Wannan wuri shi ne akhara, nan ne makaranta, nan ne kusan gidan yaro gaba ɗaya. Ɗan bante kawai ake ɗaurawa. Wanda ya saba kallon kokawar gargajiya a Sakkwato ko a Nijar zai ga kamanni da yawa, sai dai akwai bambanci guda da ya kamata mai karatu ya riƙe, don zai yi amfani nan gaba. A wajenmu da zarar an kai mutum ƙasa magana ta ƙare. A kushti kuwa kai mutum ƙasa somin taɓi ne, sai ka juya shi ka manna bayansa da ƙasa kafin a ce ka ci.

Sunan Gama ya fara fitowa ne a 1888, yana ɗan shekara 10. Sarkin Jodhpur ya shirya gasar juriya, ba ta kokawa ba, ta motsa jiki, musamman wanda suke kira baithak: mutum ya tsuguna ya miƙe, ya tsuguna ya miƙe, har sai ƙafafunsa sun ƙi. 'Yan kokawa sama da 400 ne suka shiga. Aka yi ta zubewa ɗaya bayan ɗaya har saura mutum 15, kuma yaron nan yana cikinsu. Ganin ƙanƙantarsa sai sarki ya tsayar da gasar ya ce shi ya ci. Daga nan fadar Datia ta ɗauki nauyin horar da shi.

Masu rubuta tarihinsa sun ce a lokacin da yake ganiyarsa yakan yi baithak 5,000 a rana, da dand 3,000, wato mutum ya kifa ya dafa ƙasa yana sauka yana tasowa da ƙarfin hannu, sannan ya kama kokawa da abokan horo ɗaya bayan ɗaya har mutum 40. Abincinsa madara ce lita-lita, da man shanu, da niƙaƙƙen almon, da romon nama. Irin waɗannan lissafe-lissafe dai kowa ya san baki kan ƙara musu gishiri. A gidan tarihi na birnin Baroda akwai wani dutse mai nauyin kilo 1,200 da aka rubuta a jikinsa cewa Gama ya ɗaga shi a watan Disambar 1902. Ni dai wannan ba ta shige ni ba, don babu ɗan Adam ɗin da aka taɓa gani ya ɗaga ko rabin wannan nauyi daga ƙasa da hannunsa. Amma mutumin ba ya bukatar dutsen nan. Abin da ya yi a gaban dubban shaidu ya isa.

Rahim Baksh, dutsen da ya tare hanya

Yana ɗan shekara 17 ya ƙalubalanci zakaran Indiya na lokacin, Rahim Baksh Sultaniwala, mutumin Gujranwala, shi ma Bakashmire. Rahim ƙato ne na gaske, tsayinsa ya doshi ƙafa 7, Gama kuwa bai wuce ƙafa 5 da inci 7 ba. Ga shi Rahim ya daɗe a fage, ya san kowace dabara. Kowa ya ɗauka minti kaɗan za a yi a tashi. Aka yi ta fafatawa, aka rasa wanda zai kai wani ƙasa, aka tashi kunnen doki. Ga yaro ɗan 17, canjaras da irin wannan mutum ya fi nasara goma a kan wasu.

Sun sake haɗuwa ba sau ɗaya ba, kowane karo a tashi babu kaye. A tsakanin nan Gama ya bi sauran manyan 'yan kokawar ƙasar ya kayar da su. Zuwa 1910 Rahim kaɗai ya rage masa.

Landan, 1910

A shekarar ce wani attajiri ɗan Bengal, Sarat Kumar Mitra, ya ɗauki nauyin tafiyarsa Ingila, wani Bature mai shirya wasanni, R. B. Benjamin, ya zama jagoransu. Tare da Gama akwai ƙanensa Imam Baksh da wasu 'yan kokawa biyu. Tafiyar tana da wata ma'ana da ta wuce wasa. Turawan mulki sun daɗe suna yaɗa cewa Ba'indiye rago ne, ba shi da ƙwarin jiki, don haka masu kishin ƙasa suna son a je har gida a ƙaryata maganar.

To amma duniyar da suka tarar a Landan daban take da wadda suka baro. A gida sarki ke ciyar da kai, kai kuma ka yi kokawar gaskiya don mutuncinsa da naka. A Landan kokawa kasuwa ce. A gidajen wasan kwaikwayo ake yin ta, da tikiti ake shiga, kuma mafi yawan karawar an riga an shirya wanda zai faɗi tun a bayan fage. Wanda ke son ya ci abinci a harkar dole wata rana ya yarda ya kwanta. 'Yan Indiyan nan kuwa ba su san wannan ba, da aka nuna musu ma ba su karɓa ba. Shi ya sa suka yi makonni suna zaune babu wanda ya kula su. Gama ya fitar da sanarwar cewa zai kayar da kowane mutum uku cikin minti 30, komai nauyinsu. Shiru. Wasu suka ce cika baki ne na mai talla, wasu kuma sun leƙa wajen horonsa sun ga abin da suka gani, suka ja jikinsu. Wa zai sa sunansa da kasuwarsa a caca da baƙon da ba ya karɓar shiri?

Wanda ya fara amsawa Ba'amurke ne, Benjamin Roller, likita ne kuma sanannen ɗan kokawa. An yi karawar a gidan wasa na Alhambra a watan Agusta. Gama ya manna bayansa da ƙasa cikin minti 1 da daƙiƙa 40, aka sake, ya kuma kayar da shi cikin minti 9 da daƙiƙa 10. Ba a jima ba Imam Baksh shi ma ya kayar da John Lemm, ɗan Suwizalan. Daga nan babu sauran mai cewa wasa ne.

Sai babbar karawa, ranar 10 ga Satumba 1910, a filin wasa na Shepherd's Bush. Abokin karawar shi ne Stanislaus Zbyszko ɗan ƙasar Folan, ɗaya daga cikin manyan 'yan kokawar Turai, kuma ya fi Gama nauyi nesa ba kusa ba. An sa fam 250 da kambun da mujallar John Bull ta bayar. Ba a yi minti ɗaya da farawa ba Gama ya kai shi ƙasa. Da a Sakkwato ne da tuni makaɗa sun ɗauka. Amma a nan sai an juya mutum, Zbyszko kuwa da ya ji irin ƙarfin da ya kama shi sai ya yi ruf da ciki ya manne da katifa, ya ƙi tashi. Haka ya kwanta wajen awa 2 da minti 35, Gama yana kansa yana neman ta inda zai juya shi, 'yan kallo suna ihu suna zagi. Da duhu ya yi aka dakatar, aka ce a dawo ranar 17 ga wata. Ranar ta zo, Gama ya zo, Zbyszko bai zo ba, ya ma bar ƙasar. Aka miƙa wa Gama kambun.

A nan akwai abin da masoyansa ba su cika son a faɗa ba. Kasa juya Zbyszko cikin sama da awa biyu ya nuna Gama bai gama sanin dabarun kokawar katifa irin ta Turawa ba, kuma jaridun Ingila na lokacin sun faɗi haka. Sannan wanda akasarin duniya ta yarda shi ne zakaran kokawa a 1910 Ba'amurke ne, Frank Gotch, wanda ya kayar da Zbyszko ɗin nan a Chicago a watan Yunin shekarar. Gama ya kira sunan Gotch a fili ya ce ya fito, ba a dai taɓa haɗuwa ba. Don haka laƙabin zakaran duniya da aka ba shi a Indiya, Rustam-e-Zamana, yana da 'yar ayar tambaya a kansa. A nawa ganin laifin ba na Gama ba ne. Shi ya ƙetare teku ya je ya tsaya a fili, wanda bai zo ba shi ke da bayani.

Rustam ɗin nan kuwa sunan wani gwarzo ne a tsohon littafin Farisa, Shahnama na Firdausi. A ƙasashen nan duk wanda ya gagara a kokawa da sunansa ake yi masa kirari.

Da ya koma gida sai ya waiwayi tsohon bashi. Aka haɗa shi da Rahim Baksh a birnin Allahabad, kuma a wannan karo, bayan doguwar fafatawa, Gama ya yi galaba, ya zama Rustam-e-Hind, zakaran Indiya. Har ƙarshen rayuwarsa Rahim yake ɗauka a matsayin abokin karawa mafi ƙarfi da ya taɓa kamawa, ba wani Bature ba. A 1916 ya kayar da Pandit Biddu, wani babban ɗan kokawar ƙasar. A 1922 Yariman Wales, wanda daga baya ya zama Sarki Edward na 8, ya zo rangadi Indiya ya ba shi kyautar kulkin azurfa. Wannan kulki a wajensu kamar takobin da ake ba sarkin kokawa ne a Nijar.

Daga nan matsalarsa ta zama rashin abokin karawa. Ya koma ƙarƙashin Sarkin Patiala, Bhupinder Singh, attajirin basarake mai son wasanni, yana cin albashi yana horo, shekaru suna wucewa. Aka kuma kafa wata al'ada: duk mai son ya kama Gama sai ya fara kayar da Imam Baksh. To Imam ɗin ma ba ya faɗuwa, wasu masana harkar har suna ganin a kokawar ƙasa ya fi yayan nasa. Wannan tsari ya kare martabar gidan, amma ya sa shekaru masu yawa na ƙarfin Gama sun tafi babu wata babbar karawa da za a nuna.

A watan Janairun 1928 Sarkin Patiala ya gayyato Zbyszko. A cikin shekaru 18 da suka wuce mutumin ya je Amurka ya yi suna, har ya riƙe kambun duniya a can a 1921 da kuma 1925. Dukansu biyu sun doshi shekara 50. Wannan karon a kan ƙasa aka yi, irin ta akhara, gaban dubban jama'a da sarakuna. Ba a cika minti ɗaya ba Gama ya ɗauke ƙafarsa, ya bi shi ya danne, bayansa ya taɓa ƙasa. Mutanen da suka yi tafiyar kwanaki don su kalla wasu ko zama ba su gama yi ba. A watan Fabrairun 1929 ya kayar da wani Bature, Jesse Petersen, cikin kamar minti ɗaya da rabi. Ita ce karawarsa ta ƙarshe da aka sani, ko da yake bai ce ya ajiye ba sai a 1952.

Rabuwar ƙasa

Abin da ɗan Adam ya kasa yi masa, siyasa ta yi. A watan Agustan 1947 Turawa suka tafi, aka raba ƙasar biyu, Indiya da Pakistan, layin kuma ya ratsa ta tsakiyar Punjab. Mutane sama da miliyan 10 suka bar gidajensu, Musulmi suka yi yamma, Hindu da Sikh suka yi gabas, aka kashe dubban ɗaruruwa a hanya da cikin unguwanni. Patiala ta faɗa ɓangaren Indiya. Gama, Musulmin da ya yi rayuwarsa yana cin abincin sarakunan Hindu da na Sikh, ya koma Lahore da iyalinsa, ya zauna a unguwar Mohni Road.

Unguwar a lokacin Hindu ne suka fi yawa a cikinta. Mutanen Lahore har yau suna ba da labarin cewa da tarzoma ta ɓarke, gungun masu kashe-kashe suka nufo unguwar, Gama ya fito da yaransa 'yan kokawa ya tsaya a bakin layi, ya mari na gabansu, sauran suka watse. Da abin ya ƙi lafawa kuma ya raka maƙwabtan nasa har bakin iyaka, ya ba su guzuri. Lokacin yana dab da shekara 70. Duk wanda ya taɓa zama a Sabo ko Agege ko Ama Hausa a ranar da gari ya rikice, ya san darajar maƙwabci ɗan gari da zai tsaya a ƙofa ya ce ba a shiga.

Sai dai shi kansa abin bai bar shi ba. Dukiyarsa ta Patiala ta tafi. Masarautun da ke riƙe da 'yan kokawa an narkar da su cikin sababbin ƙasashen, albashin fada ya yanke. Mutumin da tun yana yaro bai san wata sana'a ba sai kokawa, ya tsinci kansa da tsufa yana neman abin yi. Ya gwada harkar motocin haya a Karachi, ba ta yi ba. Kafin wannan ma ya sha wani ɗacin: 'ya'yansa maza biyar duk sun rasu da ƙuruciya, na ƙarshen, Jalaluddin, a 1945 yana ɗan shekara 13. Sai ya mai da hankali kan 'ya'yan ƙanensa Imam Baksh. Babbansu a fage, Bholu, ya zama zakaran Pakistan a 1949.

Shekarunsa na ƙarshe ciwon zuciya da asma suka kwantar da shi. Gwamnatin Pakistan ta ba shi fili da ɗan fansho, ta kuma ɗauki nauyin magani. Daga can tsallaken iyaka, attajirin nan na Indiya G. D. Birla, wanda Hindu ne kuma mai son kokawa, ya aiko masa da rufi 2,000, ya kuma yanka masa 300 duk wata. Hotunan da aka ɗauke shi a lokacin suna da wuyar kallo, ƙirjin nan da damatsan duk sun zube. Ya rasu a Lahore ranar 23 ga Mayu 1960, kwana ɗaya bayan ya cika shekara 82.

Zuriyar gidan ba ta ɓace ba. Jikarsa Kulsum ita ce matar Nawaz Sharif, wanda ya yi firaministan Pakistan har sau uku, ta rasu a Landan a 2018. A fage kuwa 'ya'yan Imam Baksh, su Bholu da Aslam da Akram da Goga, sun riƙe sunan gidan har cikin shekarun 1970. A watan Disambar 1976 Akram ya kara da Antonio Inoki na Japan a Karachi, wanda watanni shida kafin nan ya yi canjaras da Muhammad Ali a Tokyo. Inoki ya kama hannun Akram ya murɗe, Akram ya ƙi sallamawa har hannun ya goce, aka tsayar da wasan. A 1979 wani matashin gidan, Jhara, ya kama Inoki a Lahore aka tashi babu kaye.

A Patiala kuwa, tsohuwar fadar sarkin da ya riƙe Gama yanzu ita ce cibiyar horar da 'yan wasa ta ƙasar Indiya, inda 'yan dambe da 'yan kokawarsu ke zaman shiri kafin su tafi Olamfik. A ɗakin kayan tarihi na cibiyar an ajiye wani zoben dutse mai nauyin kilo 95, wanda Gama kan rataya a wuya in zai yi baithak.